Ciwo Biyu a Ƙugu Ɗaya

Shekara 35 Malama ta yi tana koyarwa a makarantun 'yan mata, goman ƙarshe tana shugabar makaranta, kafin ta yi ritaya ta zauna a gidanta da ke Zariya. Har ta kai shekara 68 ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai don haihuwa. Ita ke dafa abincinta, ita ke tuƙa motarta zuwa Islamiyyar matan unguwa, inda take biya wa tsofaffi 'yan uwanta karatu ranar Asabar da Lahadi.

Wata asuba cikin hunturu ta farka ta kasa juyawa a kan gado. Kafaɗunta biyu sun riƙe kamar an ɗaure su da igiya, wuya ya ƙage, kwankwaso ya yi nauyi. Da ƙyar ta zauna a bakin gado. Da ta zo ɗaura ɗankwali, hannu ya ƙi wuce kafaɗa. Sai wajen hantsi jikin ya ɗan saki, da la'asar har ta share tsakar gida. Washegari da asuba abin ya dawo yadda yake, haka jibi, haka gata.

Wata huɗu ana kewaye. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifot har sau biyu. Maƙwabta suka ce sanyi ne ya shiga ƙashi, wasu suka ce tsufa ne, haƙuri za a yi. Ta rame, abinci ya fita ranta. Babbar 'yarta ce ta matsa har aka kai ta wani asibitin koyarwa, wurin likitan cututtukan gaɓoɓi, irin likitocin da ƙalilan ne a Najeriya. Ya saurare ta, ya sa ta ɗaga hannuwa, ya aika a auna jini. Awo biyu da ke nuna kumburi a cikin jiki, ESR da CRP, duk sun hau sosai. Bayan ya tabbatar ba amosanin gaɓoɓi ba ne, ba cutar maƙoshi ba ce, ba kuma wata cuta mai ɓuya irin tarin fuka ko daji ba ce, sai ya faɗi sunan da ba ta taɓa ji ba: folimayaljiya rumatika.

Ya rubuta mata firednisolon, miligiram 15 kowace safiya. A kwana na uku ta ɗaura ɗankwalinta da kanta, ta yi sallar asuba a tsaye.

Cutar da ke zuwa da asuba

Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa ciwon tsoka a wurare da yawa. Wani likita ɗan Sikotilan, William Bruce, ya bayyana alamominta a 1888, sai a 1957 wani likitan Ingila, Stuart Barber, ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yau. Binciken da aka yi daga baya da na'urorin hoto ya nuna cewa tsokar kanta lafiyarta ƙalau. Kumburin yana cikin 'yan jakunkunan ruwa da ke hana gugar ƙashi da jijiya a kafaɗa da ƙugu, da kuma rufin gaɓoɓin. Garkuwar jiki ce ke tayar da shi, shi ya sa maganin da ke lafar da garkuwar jiki yake kwantar da shi cikin 'yan kwanaki.

Kusan ba ta kama wanda bai kai shekara 50 ba, ta fi yawa a tsakanin masu 70 zuwa 80, kuma mata sun ninka maza wajen kamuwa da ita sau 2 zuwa 3. An fi samunta a arewacin Turai, musamman Nowe da Suwidin da Denmak. A cikin baƙar fata ba ta da yawa, wannan ma na cikin dalilan da ke sa likita a Zariya ko Maraɗi ba zai yi saurin kawo ta a ransa ba idan tsohuwa ta zo da ciwon kafaɗa.

Alamarta ita ce riƙewar jiki da safe wadda ke wuce minti 45, a ɓangare biyu na jiki lokaci ɗaya, tana sauƙi idan mutum ya motsa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar tare a 2015 ta ce a fara da firednisolon tsakanin miligiram 12.5 zuwa 25 a rana, a sauko zuwa 10 cikin mako 4 zuwa 8, daga nan a riƙa rage miligiram 1 kusan kowane wata. Tafiyar ba ta gaza shekara guda, sau da yawa tana kai biyu ko fiye.

Tsawon tafiyar nan shi ne matsalar. Firednisolon ɗan gidan sitiroyid ne, ɗan uwan deksametason da wasu 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Idan aka daɗe ana shan sa yana ɗaga sukari da hawan jini, yana kawo yanar ido, yana zaizaye ƙashi, yana raunana tsokar cinya. Ba a kuma yanke shi farat ɗaya. Jiki yana da nasa sinadarin irin wannan da wasu 'yan ƙullutai a saman ƙoda ke samarwa, kuma idan aka yi makonni ana shan na waje, sai su rage aiki. Wanda ya daina kwatsam yana iya faɗuwa, jininsa ya yi ƙasa, har a rasa shi.

Malama mace ce mai bin doka. Ƙwayar da ake samu a kemis ta miligiram 5 ce, don haka da reza take raba ta, tana bin jadawalin da likita ya zana mata. A wata na bakwai ta sauko zuwa ƙwaya ɗaya da rabi, wato miligiram 7.5. Ta koma Islamiyya, ta koma tuƙi.

Baƙo na biyu

Ranar wata Juma'a ta sunkuya ta ɗauki jikanta ɗan shekara biyu daga tabarma, sai ta ji wani abu ya tsira a ƙasan bayanta. Ba ta kula ba. Bayan kwana biyu ciwon ya bar baya ya sauka mazaunin hagu, ya bi bayan cinya, ya wuce gwiwa, ya bi gefen ƙwauri har saman ƙafa da babban yatsa. Wani lokaci zafi ne kamar an zuba ruwan barkono, wani lokaci kamar wutar lantarki ta ja ta. Idan ta yi tari ko atishawa sai ya tsarga har yatsa. Zama a kujera minti goma ya gagara.

Abin da ya zo ranta shi ne abin da zai zo ran duk mai irin cutarta: folimayaljiya ta dawo, an rage magani da wuri. Ta tuna yadda ƙwaya uku suka miƙar da ita cikin kwana uku. Ranar ganin likita saura mako biyar. Sai ta mayar da kanta miligiram 20 ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Kwana goma tana sha, ƙafar ba ta ko gezau ba. Barci ya ƙaurace mata, ƙishirwa ta dame ta, fitsarin dare ya ƙaru. Wata maƙwabciya mai kirki ta kawo mata haɗin kemis, ƙwayoyi huɗu a ƙulle a leda ba suna, ta ce mijinta da shi yake noma. Ta sha kwana huɗu. Ciwon ƙafa ya ɗan lafa, amma ƙirjinta da saman cikinta suka kama zafi.

'Yarta ce ta gano, da ta zo daga Kaduna ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali.

"Umma, nawa kike sha yanzu?"

"Huɗu."

"Wa ya ce ki sha huɗu?"

Malama ta yi shiru. Ita da ta yi shekaru tana tsare ɗalibai da irin wannan tambayar, yau ba ta da amsa. Washegari suka tafi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba su ba.

Jijiyar da ta fi kowace girma

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ta nuna masa da yatsa ɗaya inda ciwon yake bi. Ta ja layi daga mazauni zuwa babban yatsa. Ya sa ta ɗaga hannuwa sama, suka tafi sumul. Ya kwantar da ita rigingine, ya ɗaga ƙafar dama a miƙe, ba ta ji komai ba. Ya ɗaga ta hagu, kafin ta yi rabin hanya Malama ta yi salati. Ya sa ta taka a kan diddige, ta taka a kan yatsu, ya gwada ƙarfin babban yatsa, ya bubbuga ƙashin bayanta ɗaya bayan ɗaya, ya yi tambaya a kan fitsari da bayan gida.

"Mama, wannan ba waccan ba ce," in ji shi. "Waccan tana barci. Wannan jijiya ce aka danne."

Ciwon da Turawa ke kira sayatika tsohon sananne ne. Malaman ɗibbu na Larabawa suna kiransa irƙun nasa, Ibn Sina ma ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun. Jijiyar da ake magana ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, kaurinta ya kai na yatsa. Tana haɗuwa ne daga saiwoyi biyar da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta ratsa mazauni, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu wajen gwiwa ta sauka har tafin ƙafa. A 1764 wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya bambanta ciwon da ke fitowa daga wannan jijiya da wanda ke fitowa daga gaɓar ƙugu. A 1934 likitoci biyu a Boston, Mixter da Barr, suka nuna cewa sau da yawa faifan guringuntsi ne sanadi.

Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai faifai mai taurin baki da taushin ciki, shi ke shanye nauyi. Idan bakin ya tsage, na cikin ya turo, sai ya danne saiwar jijiya, kuma ya sa ta kumbura. Ƙwaƙwalwa ba ta jin ciwon a inda aka danne, tana jin sa ne a inda jijiyar take ƙarewa, shi ya sa lalurar tana baya amma kukan yana ƙafa. Kusan kashi 9 cikin 10 na masu wannan ciwo daga faifai ne. A wurin tsofaffi akwai wani sanadin, wato tsukewar ramin da laka ke bi, wanda ke sa ƙafa ta yi nauyi idan an yi tafiya, ta saki idan an zauna ko an sunkuya.

Ga mai shan sitiroyid akwai abu na uku da dole a kawar: karayar ƙashin baya. Ƙashin da magani ya zaizaye yana iya murƙushewa da ɗaukar yaro kawai. Don haka likitan ya sa aka yi mata hoton ƙashi, aka ga babu karaya. CRP ya fito daidai, kodayake ya ce ba a dogara da shi kaɗai ga wadda ke kan miligiram 20. Sukarinta kuwa ya hau fiye da yadda ya taɓa hawa.

'Yar ta tambayi ko za a yi hoton MRI. Ya ce ba yanzu ba, tunda ƙarfin ƙafa bai ragu ba kuma babu alamar haɗari. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya samu faifai ya bunƙuro a kashi 30 cikin 100 na masu shekara 20, da kashi 84 cikin 100 na masu shekara 80. Hoton bayan mace mai shekara 68 ba zai rasa abin nunawa ba, kuma abin da ya nuna ba lallai shi ne mai laifi ba. Ana yin hoton ne idan sakamakonsa zai canza abin da za a yi.

Gaba kura, baya sayaki

Wahalar haɗuwar cututtukan nan biyu tana wurin magani. Abin da ke kwantar da ɗaya ba ya taɓa ɗayar, kuma abin da aka saba ba mai ɗayar yana da haɗari ga mai shan maganin ɗaya.

Sitiroyid na sha ba ya kashe zafin sayatika. A 2015 an buga wani gwaji da aka yi a Kalifoniya kan mutum 269 masu faifan da ya turo. An ba wasu firednison na kwana 15, aka fara daga miligiram 60, ninki huɗu na abin da aka fara ba Malama, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Waɗanda suka sha maganin sun ɗan fi iya hidimar yau da kullum, amma zafin ciwo bai bambanta ba. Kwana goman da Malama ta yi a kan ƙwaya huɗu sun ɗaga sukarinta, sun mayar da jadawalinta baya, ƙafa kuwa ba ta amfana da komai ba.

Magungunan da aka fi sha don ciwon baya, diklofenak da ibufurofen da 'yan uwansu, su ne ke cikin yawancin haɗin kemis. Su kaɗai suna iya kawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, musamman ga tsofaffi. Idan suka haɗu da sitiroyid haɗarin gyambo da zubar jini a ciki yana ninkawa. Ƙari a kan haka, haɗin da ba suna yana iya ƙunsar deksametason, sai mutum ya sha sitiroyid biyu bai sani ba. Likitan ya tambaye ta ko bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta. Ta ce a'a. Ya ce ta yi sa'a, ya rubuta mata omefirazol don kare ciki, ya ce ledar nan a zubar.

Firegabalin, wanda ake yawan rubutawa don ciwon jijiya, shi ma an gwada shi a Ostireliya kan mutum 209, aka buga sakamakon a 2017: bai fi ƙwayar banza rage ciwon ƙafa ba, sai jiri da ya ƙara. A 2020 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a ba masu sayatika shi, kada kuma a ba su sitiroyid na sha. Jiri ga tsohuwa mai raunin ƙashi yana nufin faɗuwa, faɗuwa kuma tana iya nufin karayar ƙugu.

Abin da ya rage mata kaɗan ne: farasitamol a kan ƙa'ida, wanda taimakonsa bai taka kara ya karya ba, da gashi da ruwan ɗumi, da motsi, da lokaci. Likitan ya tsara mata yadda za ta sauko daga 20 zuwa 7.5 a hankali cikin 'yan makonni. Ya ƙara jaddada sinadarin kalsiyam da bitamin D, ya ce maganar maganin ƙarfafa ƙashi za a yi ta idan cikin ya huce. Ya aika ta sashen gashin ƙashi da motsa jiki.

Littafi mai layi biyu

Tsohuwar malama ba ta rasa littafin rubutu. Ta ɗauki ɗaya ta ja layi a tsakiyar kowane shafi. Hagu ta rubuta "kafaɗa da ƙugu", dama ta rubuta "ƙafa". Kowace safiya tana rubuta minti nawa jiki ya yi kafin ya saki, ko hannu ya kai ƙeya, da inda ciwon ƙafa ya tsaya a ranar. Cikin mako biyu ta koyi rarrabe muryoyin biyu. Folimayaljiya tana zuwa dama da hagu tare, nauyi ne da riƙewa, ta fi tsanani da asuba, tana gudu idan an motsa, kuma ko ta sauka cinya ba ta cika wuce gwiwa ba. Sayatika ƙafa ɗaya take bi, a layi, da zafi da tsira da mutuwar fata, tana wuce gwiwa, zama da tari da sunkuyo suna tayar da ita. Amfanin littafin shi ne ranar da ciwo ya tsananta ba ta ƙara kai hannu kwalin firednisolon ba. Sai ta duba ta ga a wane layi yake.

Abu mafi wuya a gare ta shi ne yarda cewa kwanciya ba magani ba ce. Duk wanda ya zo dubiya cewa yake ta kwanta ta huta. A 1999 likitoci a Holan sun raba masu sayatika 183 gida biyu, wasu suka yi mako biyu a kwance, wasu suka ci gaba da abin da za su iya. Bayan mako 12, kashi 87 cikin 100 sun samu sauƙi a kowane ɓangare. Kwanciyar ba ta ƙara komai ba. Ga Malama kuwa tana da illa biyu: folimayaljiya tana ƙara riƙe jikin da ba ya motsi, sitiroyid kuma yana cin tsoka da ƙashin da ba a aiki da su.

Ta fara da zagaya tsakar gida minti biyar, sau huɗu a rana. Mai gashin ƙashi ta koya mata ta tsaya kafin ciwon ya sauka ƙasa da inda yake, ta kuma lura da alkiblarsa: idan yana janyewa daga yatsa zuwa ƙwauri, daga ƙwauri zuwa cinya, alamar alheri ce ko da bayan ya ƙara ciwo. Ta koya mata kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu, da yadda za ta mirgina gefe ta dafa hannu kafin ta tashi. Zaman tabarma da miƙe ƙafa ya tsaya. Aka sa mata kujerar zama a banɗaki da ƙarfen dafawa a bango, aka kwashe ƙananan dardumai da ke iya zamar da ita. Tuƙi ta bar shi na wani lokaci, in kuma tafiya ta kama zuwa Kaduna, a tsaya a hanya ta sauko ta taka.

Masu dubiya sun zo da shawarwari. Wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wata ta ce allura a mazauni ita ce magana. Malama ta tambayi likita. Ya ce fatar mai shan sitiroyid siririya ce, rauninta ba ya saurin warkewa, ga sukari ya hau, don haka tsaga ba nata ba ce. Allurar mazauni kuwa, idan wanda bai ƙware ba ya yi ta a inda bai dace ba, ita kanta tana iya sukar jijiyar da ake kuka da ita.

Sallah ce ta fi taɓa zuciyarta. Ruku'u da zaman tahiya suna tsarga mata ciwo har yatsa. Ta san hukuncin sarai, ita ke koya wa mata cewa wanda ya kasa tsayuwa ya zauna, wanda ya kasa zama ya kishingiɗa. Amma ranar da aka ajiye mata farar kujerar roba a kan sallaya ta yi hawaye. Ta ce shekara sittin goshinta yana taɓa ƙasa. 'Yarta ta ce, "Umma, sauƙin da kike gaya wa mutane Allah Ya yi musu, ke ma Ya yi miki." Da yake tsayuwa ba ta dame ta, sai ta riƙa yin karatu a tsaye, ta zauna ta yi nuni a ruku'u da sujada.

Alamomin da ba a kwana da su

A bangon farko na littafin, likitan ya sa ta rubuta abubuwan da idan ta gani ba za ta jira ranar asibiti ba, ko da tsakar dare ne. Ta ɓangaren baya: kasa yin fitsari ko zubarsa ba da sani ba, kasa riƙe bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da wurin zama, ciwo ya kama ƙafa biyu, ko ƙafa ta fara ja a ƙasa. Waɗannan suna nuna an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma aikin tiyata ne na gaggawa, jinkirin kwana ɗaya yana iya barin nakasa ta har abada. Zazzaɓi tare da ciwon baya ma ba abin wasa ba ne ga wadda magani ya rage wa garkuwar jiki.

Ta ɓangaren folimayaljiya: sabon ciwon kai musamman a gefen goshi, zafin fatar kai idan ana taje gashi, gajiyar muƙamuƙi idan ana tauna, gani biyu-biyu, ko ɗaukewar gani ko da na minti ɗaya ne. Mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 10 masu wannan cuta suna samun kumburin manyan jijiyoyin jini na kai, wanda ke iya makantarwa cikin kwanaki idan ba a ba da sitiroyid mai yawa nan take ba. Nan ne kaɗai ake ƙara magani da gudu, kuma likita ne ke ƙarawa. Ta ɓangaren ciki: baƙin bayan gida ko aman jini.

Tiyatar faifai kuwa tana nan a ajiye idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wani gwaji na Holan a 2007 kan mutum 283 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, kusan kashi 95 cikin 100 sun warware. Faifan da ya turo yakan tsotse da kansa, jiki ya shanye shi sannu a hankali.

Mako na goma sha ɗaya

Sauƙin bai zo a miƙe ba. A mako na huɗu ciwon ya bar yatsa. A na biyar ta zauna awa biyu a gidan suna, ya dawo har idon sawu, ta yi kwana uku tana jin kamar an koma farko. A na bakwai ya tsaya a bayan gwiwa. Ranar da ta sauko daga 7.5 zuwa ranakun da ake musanya 7.5 da 5, kafaɗunta suka yi nauyi da safe na minti 20. Ta rubuta a layin hagu, ta kira asibiti, aka ce ta dakata a inda take na wata guda kafin a ci gaba. Ta dakata.

Da azumi ya matso ta tambaya tun da wuri. Likitan ya duba sukarinta da cikinta, ya ce za ta iya gwadawa, ta sha firednisolon da sahur bayan ta ci abinci, kada ta tsallake ko rana ɗaya, kuma ranar da jiri ko amai ya zo ta karya, tunda marar lafiya yana da rangwame.

A mako na goma sha ɗaya ciwon ya tattare a mazauni, ya zama ɗan nauyi da take ji idan ta daɗe a zaune. Saman babban yatsanta har yanzu akwai wuri kamar faɗin kwabo da ba ta jin taɓawa sosai, an gaya mata yana iya ɗaukar watanni, yana iya ma zama. Folimayaljiya tana nan, saura tafiyar aƙalla rabin shekara a kan magani, da awon sukari da na ido da na ƙashi. Jikanta idan ya miƙo hannu, sai ta zauna a kujera ta ce a ɗora mata shi a cinya.

Wata Asabar da asuba ta ture kujerar roba gefe, ta dafa bango, ta sauka a kan gwiwoyinta a hankali yadda aka koya mata, ta kai goshi ƙasa. Raka'a ta biyu ta koma kujera. Da ta idar ta buɗe littafin, a layin hagu ta rubuta "minti 10", a layin dama ta rubuta "mazauni kawai, sujada biyu". Ƙarfe tara ɗan maƙwabta ya zo ya tuƙa ta zuwa Islamiyya, da matashinta a hannu.